Makarantar zane ta ƙasar Estoniya: shekara 8 ba matsuguni, ƙarshe sai masana'antar safa

A shekarar 2010 aka kawo motocin rusau aka baje babban ginin makarantar zane da fasaha ta ƙasar Estoniya, wanda ke lamba 1 a titin Tartu, tsakiyar Tallinn, babban birnin ƙasar. Ba gobara ce ta ci shi ba, ba kuma gwamnati ce ta ƙwace filin ba, hukumar makarantar ce da kanta ta ce a rushe dan a ɗora sabo a wurin. Sabon nan ko bulo ɗaya ba a aza ba har yau. Sai a 2018 makarantar ta samu inda za ta tattara kanta, kuma ba a wancan filin ba, a wata tsohuwar masana'antar saƙa safa ce a unguwar Kalamaja.

Makarantar dai ana kiranta EKA a taƙaice, kuma ba ƙaramar makaranta ba ce a wajensu. An kafa ta a 1914, tun ƙasar na ƙarƙashin sarkin Rasha, a matsayin makarantar koyon sana'ar hannu. Zamanin Tarayyar Sobiyet ta zama cibiyar fasaha ta gwamnati da ake kira ERKI, a 1996 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Estoniya ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 1.3 kacal, to ita wannan makaranta ita ce jami'ar gwamnati ta wannan fanni, ɗalibanta dubu da 'yan kai ne, amma mafi yawan masu zane da masu tsara kaya da masu zanen gine-gine na ƙasar ta nan suka bi. Kenan in ta shiga wani hali, fannin ne gaba ɗaya ya shiga.

Tsohon ginin gaskiya ya gaji, wannan ba wanda ya musa. An daɗe ana yi mai ƙari da faci, ya matse, kayan aikin zamani ba sa samun wurin zama. Kuma a nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya fahimci abin da makarantar fasaha take buƙata, dan shi ne ginshiƙin duk labarin. Makarantar lauyoyi ko ta lissafin kuɗi in ka ba su ajujuwa da kujeru da laburare da intanet, karatu ya kankama. EKA kuwa tana da sashen tukwane da ke son murhun gasa yumɓu, tana da masu aikin gilashi da ke narka shi da wuta, akwai maƙera da masu kayan ado na azurfa, akwai masaƙa da marina, akwai masu aikin fata, ga kafintoci da injinan yankan katako, ga masu buga hoto da injin matsi mai nauyin tsiya, ga masu sassaƙa da za su shigo da dutse ko ƙarfe wanda mutum huɗu ba sa iya ɗagawa. Kowanne a cikinsu da irin fitinarsa, wani hayaƙi, wani ƙura, wani ƙara, wani kuma sinadarin da in ba iska na fita ba sai ya kwantar da mutum. Dole daɓen ya iya ɗaukar nauyi, rufin ya yi tsawo, ƙofa ta yi faɗin da mota za ta sauke kaya, tagogi su kawo haske mai yawa. Rabin makaranta ce rabin masana'anta, shi ya sa neman mata wuri ya fi neman wa ma'aikatar gwamnati ofis wahala nesa ba kusa ba.

Tun farkon shekarun 2000 ake ta kai-kawo kan inda za a kai ta. Har an yi maganar Patarei, wani tsohon sansanin soja na bakin teku da aka gina zamanin sarakunan Rasha, wanda daga baya ya zama kurkuku aka daina amfani da shi. Wuri ne makeke, amma bango mai kauri, ɗakuna masu danshi da duhu, ga tarihin azabar da aka yi wa mutane a ciki, ga kuɗin gyaran da ba a san ƙarshensa ba. Maganar ta bi ruwa. Da Signe Kivi ta zama shugabar makarantar a 2005, ita da ta taɓa riƙe ministar al'adu, sai hankali ya koma kan a zauna a filin gado na titin Tartu a yi gini na gani na faɗa.

Aka yi gasar zane ta ƙasa da ƙasa, a 2008 wasu kamfanoni biyu na ƙasar Denmak, SEA da EFFEKT, suka ci da wani tsari mai suna Art Plaza. Dogon bene ne hawa 16, dabarar ita ce a tattara makarantar a yi sama da ita, sai a bar wani ɓangare na filin ya zama dandalin jama'a. A hoto abin ya yi kyau ba ƙarya, kuma unguwar dama can unguwar dogayen benaye ce, otal-otal da bankuna da manyan kantuna. Kuɗin aikin kuma babban kasonsa daga asusun Tarayyar Turai ake sa ran zai fito, tarayyar da Estoniya ta shiga a 2004.

To shi kuɗin Turai yana da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya zama igiyar da ta shaƙe aikin. Zagaye-zagaye ake ba da shi, wannan na zagayen 2007 zuwa 2013 ne, kuma duk abin da za a kashe dole a kashe shi a kawo rasit kafin ƙarshen 2015, in ba haka ba ƙasa ta yi asararsa. Ba kuɗin da za ka ajiye a banki ka jira shari'a ta ƙare ba ne. Ga shi kuma lokacin tattalin arzikin duniya ya karye, na Estoniya ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100 a 2009, gwamnati na ta tsuke bakin aljihu dan ta cika sharuɗan shiga kuɗin yuro, wanda ta shiga a 2011. Ma'ana in kuɗin Turai ya kuɓuce, ba wata baitulmali da za ta ce ga madadinsa.

A cikin wannan yanayi aka kwashe ɗalibai da malamai aka rarraba su wurare na wucin gadi, aka rushe ginin. Tunanin shi ne a rage lokaci, fili ya zama a share, da takardu sun kammala ɗan kwangila ya shiga. Sai wata maƙwabciya mai gida a gefen filin ta ce ba ta yarda ba, benen zai tare mata hasken rana, ta kai maganar gaban hukuma da kotu.

Na san Bahaushe zai ji wannan ya yi dariya, mu da muke neman inuwa ido rufe, wai mutum ya kai ƙara dan an yi mai inuwa. Amma Tallinn tana can ƙuryar arewa ne, daura da Helsinki babban birnin Finlan, a watan Disamba yinin gaba ɗaya wajen awa 6 ne kawai, ranar ma ba ta hawa tsakiyar sama, a gefe take bi ƙasa-ƙasa ta faɗi. Dogon gini in ya tsaya maka a inda take bi, to ɗakinka ya zama rami na wata da watanni, darajar gidanka ta faɗi. Dan haka ƙa'idojin gininsu sun tanadi yawan hasken ranar da ya kamata gidan zama ya samu, kuma maƙwabci na da haƙƙin ƙalubalantar izinin gini. Matar nan haƙƙin da doka ta ba ta ta bi. An yi ta zaginta a lokacin kamar ita ce ta hana ƙasa ci gaba, ni dai ban ga laifinta ba. Wanda zai ɗora hawa 16 a tsakiyar gari shi ke da alhakin zama da maƙwabta tun kafin a zana layin farko, ya auna inuwar da zai yi, wanda za a biya diyya a biya shi, wanda za a rage wa tsawo ta ɓangarensa a rage, a sa hannu a takarda, sannan a taɓa tsohon gini.

Rigimar ta ja, wata na bin wata, fili na nan a share. Gidauniyar Archimedes, wadda a lokacin take kula da rabon kuɗin Turai na ɓangaren ilimi, ta duba kalanda ta ga ko yau aka fara da wuya a gama cikin wa'adi, a 2012 aka janye tallafin. Ministan ilimi na lokacin Jaak Aaviksoo ne, kuma ma'aikatarsa ba ta nuna za ta ci gaba da riƙe aikin benen ba. Filin da ɗalibai suka yi shekara da shekaru suna zane a kai ya koma wurin fakin motoci.

In za a raba laifi, kaso mafi tsoka na hukumar makarantar ne, dan ita ta saki reshe ta kama ganye. Izinin gini da har yanzu ana iya ƙalubalantarsa a kotu bai zama izini ba tukuna, kuɗin da ke da ranar mutuwa kuma bai zama naka ba sai ya shiga aiki, su kuwa sun jingina rushe gidansu a kan waɗannan abubuwa biyu a lokaci guda. Amma ba su kaɗai ba ne. Gwamnati ta san komai, ta ga ana rushewa ba ta ce a dakata ba, hukumar birni kuma ita ke ba da takardun tsara gari, ya kamata a ce ta hango inda ƙorafi zai ɓullo. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, shi wa'adin kuɗin da kansa yana tura mutane yin gaggawa, kowa na tsoron kar a ce shi ya ja ƙafa har kuɗi ya wuce, sai a yi ta tsallake matakai, ƙarshe gaggawar ce ta jawo asarar da ake gudu.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu ciwo. Makarantar ta warwatsu a cikin gari, wasu a wani gini a titin Estonia, wasu a kan tudun Toompea cikin tsohon gidan manyan masu sarauta na da, wanda gidan tarihin zane ya zauna a ciki kafin a buɗe sabon gininsa mai suna Kumu a 2006, masu zanen gine-gine a titin Pikk cikin tsohon gari, masu sassaƙa can unguwar Mustamäe a titin Raja. Gine-ginen nan ba wanda aka yi dan wannan aiki, wasu ma kayan tarihi ne da ba ka isa ka fasa bango ka sa bututun hayaƙi ba. Yaro ya shiga makaranta ya yi digirinsa na shekara 3 ya ƙara na biyu ya fita bai taɓa sanin makarantarsa a wuri ɗaya ba. Kuma a makarantar fasaha wannan ba ƙaramar asara ba ce, dan yawancin abin da ɗalibi ke koya ba a aji yake samu ba, a baranda ne da kantin shayi, mai ɗinki ya leƙa wajen maƙeri ya ga wani abu, mai zanen gini ya ga yadda yumɓu ke tsagewa a wuta. In kowa na unguwarsa daban wannan cuɗanya ta mutu. A haka suka yi bikin cika shekara 100 a 2014, ba su da zauren kansu. Ga kuma wata barazana a gefe, makarantar da ba ta da gida ita ce ta fi sauƙin haɗiyewa, kuma a 2015 wani rahoto da aka yi wa gwamnati ya kawo shawarar a rage yawan manyan makarantu ta hanyar haɗe su, to ka ga dole hankalin mutanen EKA ya tashi.

Da aka dawo neman wuri karo na biyu, tambayar ta canza. Da can ana tambayar wane irin gini ne zai nuna wa duniya mu su waye, yanzu kuwa sai aka koma tambayar ina ne za mu iya shiga da kuɗin da ke hannu, cikin lokacin da ba zai kashe mu ba, ba tare da wani ya sake kai mu kotu ba. Aka duba wurare da dama, a 2013 aka tsaya kan masana'antar da ke kusurwar titin Kotzebue da Põhja puiestee.

Ginin yana da tarihinsa. Masana'antar saƙa ce mai suna Rauaniit, babban ɓangarenta an gina shi tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930, kuma Eugen Habermann ne ya zana, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka zana zauren majalisar dokokin ƙasar. Zamanin Sobiyet aka sa mata suna Punane Koit aka yi mata ƙare-ƙare, bayan samun 'yanci a 1991 ta zama kamfanin safa na Suva. Duk abin nan da na lissafa a sama cewa makarantar fasaha na buƙata, masaƙa ta riga ta tanade shi dan kanta, daɓen da aka yi dan ya ɗauki injinan saƙa ba zai ji nauyin injin buga hoto ba, manyan tagogin da aka yi dan masaƙa su ga zare su ne mai fenti ke nema, dogayen zaurukan da ba bango a tsakiya kuma sai yadda ka ga dama ka yanka su. Sannan babbar riba, ginin yana tsaye tun kafin a haifi maƙwabtan, inuwarsa tsohuwa ce, ba wanda zai ce yau aka tare mai rana.

Wurin ma ya dace. Tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga tsohon garin Tallinn da tashar jirgin ƙasa ta Balti jaam, taragon cikin gari na bi ta kusa. Kalamaja da unguwar ma'aikata da masunta ce mai gidajen katako, an daɗe ana raina ta, amma a daidai wannan lokaci ta fara farfaɗowa, tsofaffin masana'antun Telliskivi sun zama wurin masu fasaha da gidajen abinci, tsohuwar tashar wutar lantarki da ke kan titi ɗaya da makarantar ta zama cibiyar al'adu ta Kultuurikatel. Ɗalibin zane ya fi samun abokan hira a nan fiye da tsakanin bankuna.

A 2014 aka sake gasar zane, wannan karon wani ofishin matasa 'yan ƙasa mai suna KUU ya ci. Aikin nasu ba na burga ba ne, sun bar tsofaffin sassan kowanne da kamanninsa na zamanin da aka yi shi, suka haɗe su da sabon ɓangare da mashiga da wuraren haɗuwar jama'a, yadda mutum zai bi daga wannan sashe zuwa wancan yana ganin abin da ake yi. Da yake tsohon ɓangaren na cikin gine-ginen da hukumar adana kayan tarihi ke karewa, sai da aka bi ƙa'idarta, wannan ma ya ci lokaci da kuɗi. Mart Kalm, masanin tarihin gine-gine, shi ya karɓi shugabanci a 2015, kuma a hannunsa aka yi ginin. Aka sayar da filin titin Tartu, aka samu tallafin Turai na sabon zagaye, a kakar karatu ta 2018 aka buɗe, faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000.

Abin da ya ban mamaki shi ne maƙwabtansu sun riga sun nuna hanyar tun kafin a rushe komai. Makarantar fasaha ta Konstfack da ke Stockholm a ƙasar Suwidin ta koma tsohuwar masana'antar tarho ta Ericsson a 2004. Makarantar fasaha ta ƙasar Norwe da ke Oslo ta tattara kanta a masana'antar saƙa yadin da iska ke tura jirgin ruwa da shi, ta kammala shiga a 2010, shekarar da ake rusau a Tallinn. Ta Dublin kuwa tun 1980 ta fara komawa tsohuwar masana'antar giya ta Powers a titin Thomas. Ba wai mutanen EKA ba su san da wannan ba ne, sun sani sarai, kawai dai a shekarun da kuɗi ke yawo kafin 2008 ƙaramar ƙasa da ta fito daga hannun Sobiyet tana son sabon abu mai ƙyalli da za ta nuna, kuma wannan buri ne da mutum zai iya fahimta ko da bai goyi baya ba.

Kar kuma a ɗauka duk tsohuwar masana'anta ta zama makaranta kenan. Wata tana bayan gari inda ba motar haya, wata ƙasarta ta sha sinadarin da sai an kwashe, wata rufinta ya ruɓe har gyaran ya fi sabon gini tsada. Ta Kalamaja ta yi ne dan abubuwa uku sun haɗu mata, ƙashin ginin lafiyayye ne, tana cikin gari, kuma an same ta a lokacin da unguwar ba ta gama tsada ba. Da an ƙara 'yan shekaru ana jayayya, da wuya 'yan kasuwar gidaje su bar wa makaranta irin wannan kusurwa.

Kuma ba kyauta aka sha ba. Kuɗin gasar farko da zanen benen da lauyoyi da rusau da zaman wucin gadi na shekara 8 duk sun tafi, filin da ke tsakiyar gari wanda makarantar ta gada ya fita daga hannunta har abada, sabon wurin kuma bai kai girman abin da aka zana a benen ba, dan haka tun ranar da aka shiga ake lissafin kowane ɗaki, wane sashe zai raba zaure da wane, ina za a ajiye ayyukan ɗalibai in an gama jarrabawa. Masana'anta ce da ke da iyaka ta kowane gefe, titi nan titi can, in makarantar ta ƙara ɗalibai ko ta buɗe sabon fanni sai dai ta sa ido kan gine-ginen da ke kewaye da ita, a unguwar da yanzu ta shiga sahun masu tsada a Tallinn.